Za mu je tsibirin Wasini ni da iyali, amma ba wanda ya iya iyo a cikinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Wurin aikinmu za su tura ni taro Mombasa ta ƙasar Kenya, kuma an ba ni zaɓi: ko in bi ayarin watan Mayu, ko in jira na Nuwamba. Ina so in tafi da maiɗakina. Ta ga hotunan wani tsibiri wai shi Wasini, kusa da gandun teku na Kisite inda ake ganin dolfin (wata dabbar teku mai kama da babban kifi) da murjani, tun ranar ba ta da zance sai shi. Matsalar ita ce daga ni har ita ba wanda ya iya iyo, iyakar ruwan da muka sani Tiga, shi ma daga baki. Hajiyarmu kuwa da ta ji an ambaci jirgin ruwa sai ta tuno da haɗarin Bagwai na 2021, ta ce ba da yawunta ba. Waɗanda suka san wurin, a taimaka: wane wata ya fi, kuma wanda bai iya ruwa ba zai mori tafiyar ko asarar kuɗi ce? Sai batun sutura da abinci da sallah.

Ɗan Kantin Kwari: Wa alaikumus salam. Yaya, ka ɗauki Nuwamba ka huta. Daga Afrilu zuwa Yuni lokacin ruwan sama mai yawa ne a gaɓar Kenya, kuma a wannan tsakanin ne iskar kudu ke tasowa, ta daɗe tana kaɗawa har wajen Satumba. Teku na yin fushi, jirgi ya yi ta tangal-tangal, ruwan ya gurɓace har ba ka ganin abin da ka biya kuɗi don ka gani. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar kan juya ta fito daga arewa, ruwan ya kwanta ya yi garau. Nuwamba ma ana ɗan samun ruwan sama, amma ba irin na Mayu ba. Hanya kuwa: daga filin jirgin Malam Aminu Kano ka bi Ethiopian zuwa Addis Ababa, daga can akwai jirgin Mombasa. Daga Mombasa sai mota zuwa kudu, kusan kilomita 80, wani ƙauyen masunta da ake kira Shimoni, dab da iyakar Tanzaniya. Nan ake shiga jirgi. Kada ka manta da katin rigakafin shawara na ku biyun, ana tambayarsa.

Maman 'Yan Biyu, Gwammaja: Ɗan'uwa bari in yi magana a madadin matarka, tunda na san abin da ke ranta. Mutanen Wasini Musulmi ne, Suwahilawa, akwai masallatai, matansu da lulluɓinsu, ba wanda zai yi mata kallon baƙuwar halitta don ta sa hijabi. Abin da zan ja kunne a kai shi ne kada ta shiga ruwa da zumbulelen hijabi ko abaya mai faɗi. Yadi idan ya sha ruwa nauyi yake yi, ya nannaɗe ƙafa. Ta nemi dogon wando da riga mai dogon hannu marasa nauyi, da ƙaramin hijabi mai kama kai, sai ta riƙe babban a jaka ta ɗora in an fito. Akwai masu jagora a cikin ruwan, suna riƙe da tayar ceto, kai kuma ka kama ta suna jan ka a hankali, fuskarka cikin ruwa da tabarau da bututun numfashi. Kana kwance a saman ruwa kana kallon kifaye kala-kala suna shige da fice a cikin murjani. Ni da nake tsoron ko rijiyar gidanmu in leƙa, sai da aka yi ta kira na kafin na yarda na fito. In kana da kishi, ka riƙe tayar tare da ita, shi ke nan.

Injiniya, Sharaɗa: Maganar Hajiya ba abin wasa ba ce, kuma amsarta na hannunka. Abin da ke kifar da jirage a wajenmu yawanci lodi ne fiye da kima da rashin rigar ceto. To tun kana kan gadar Shimoni, kafin ka taka jirgi, ka ce a ba ku rigar ceto ku sa a jiki, ka ɗaure igiyoyinta, ka duba ba ta yage ba. Ka ƙirga mutane da ido. In ka ga an cika jirgi maƙil, ka sauka, kuɗinka bai kai ranka ba. Kuma ka yi ciniki ta hannun otal ɗinka ko kamfani mai rajista, ka bar 'yan kamasho da za su tare ka a bakin ruwa da farashi mai araha. Ka tambaya ko kuɗin shiga gandun na cikin abin da ka biya, don hukumar kula da namun daji ta Kenya ce ke riƙe da wurin, kuma kuɗinta daban ne.

Wani abu da mu 'yan tudu ba mu saba da shi ba: teku na cika ta janye sau biyu a cikin awa ashirin da huɗu. Farin yashin nan na Kisite da ake gani a hoto sai ruwa ya janye yake fitowa sosai, in ya dawo ya rufe yawancinsa. Babu inuwa, babu ruwan sha a kai. Saboda haka ka tambayi lokacin janyewar ruwa na ranar da za ku je, shi zai nuna maka ko za ku taka yashin ko daga jirgi za ku hango shi.

Autan Fagge: Ni dai shawarata ka kai ta Fort Jesus da ke cikin Mombasa, ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1593, ku ɗau hoto ku sha ruwan kwakwa ku dawo da ƙafarku a ƙasa. Bakano da teku ina haɗi?

Maman 'Yan Biyu, Gwammaja: Auta, tsoronka ka bar shi a Fagge. Su je duka biyun mana, ai ba rana ɗaya za su yi ba.

Malam, Ƙofar Mata: Game da abinci, a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, har ƙaguwa, wadda ita ce abin da aka fi kawo wa baƙi a Wasini tare da kifi da shinkafar kwakwa. Halal ne, amma ba dole ba ne. Wanda bai taɓa ci ba ya ɗanɗana kaɗan, don wasu jikinsu ba ya karɓa. Sallah kuwa ku matafiya ne, kuna da kasaru, kuma yawanci ana dawowa Wasini cin abincin rana, sai ku yi azahar a masallacin garin. Ku yi tattalin ruwan alwala, tsibirin da ruwan sama da ake tarawa ya dogara. Sannan dokar gandun Kisite ta hana kamun kifi, da ɓallar murjani, da tsintar ƙwanson katantanwa don tsaraba. Kada ka taka murjanin ma, abu ne mai rai, yana daɗewa kafin ya girma, kuma yana yanka ƙafa. Ka je wa Hajiya da bayanin nan dalla-dalla, kada ka tafi sai ta sa albarka.

Nas, Rijiyar Zaki: Ku sayi maganin hana jiri da amai, a sha kafin a shiga jirgi kamar yadda takardarsa ta ce, ba sai ciki ya fara juyawa ba. Karin kumallo mara maiƙo. In madam na da juna biyu, likita tukuna kafin magani da tafiyar gaba ɗaya. Dolfin kuma ba a ɗaure suke ba, ana yawan ganinsu a hanyar Kisite da safe, amma kada ka yi mata alkawari.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na rubuta sunana a ayarin Nuwamba. Injiniya, gobe in sha Allahu zan je wajen Hajiya da zancen rigar ceton. Maman 'Yan Biyu, wai ta ce a tambaye ki, irin wandon da rigar a Kwari ake samu ko sai an shiga Sabon Gari?