21, 28 ko 35? Gilashi mai faɗin gani don tafiya da kyamara mai ma'aunin nisa

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni. Kyamarata Leica M6 ce ta fim, mai tagar leƙe 0.72 (wato tana rage girman abin da ake kallo zuwa 0.72), kuma gilashi (lens) ɗaya gare ni, 50mm, da shi nake ta fama tun da na saye ta. Bayan Babbar Salla in Allah ya kai mu zan je Maroko, Fas da Marakesh. An ce min a tsohon garin Fas akwai lungun da mutum biyu ba sa jerawa, to na san 50 zai matse ni. Ina ta kai-kawo tsakanin 35mm, 28mm da 21mm, waɗanda suka fi 50 faɗin gani. Kuɗin da na ware ba zai kai sabon gilashin Leica ba, sai dai Voigtländer ko Zeiss, ko na hannu. Ina sa tabarau, ko da hakan na da tasiri. Wanda ya taɓa tafiya da ɗaya daga cikinsu don Allah ya faɗa min yadda suka kwashe.

Baba Mai Hoto:
Wa alaikumus salam. Yaro, maganar tabarau da ka jefa a ƙarshe, da ita ya kamata ka fara. Wannan irin kyamara ba ta cikin gilashi kake kallo ba, ta taga kake kallo, layukan da ke cikin tagar ne ke gaya maka inda hoto ya tsaya. M6 ɗinka layuka shida gare ta, bibbiyu suke fitowa: 28 da 90, 35 da 135, 50 da 75. Layin 28 yana can bakin taga. Wanda ba ya sa tabarau ma sai ya manna ido sosai kafin ya ga kusurwa huɗun. Mai tabarau kuwa sai ya riƙa zagaya ido, kafin ya gama wanda zai ɗauka ya yi gaba.

Ba sai ka sayi komai ba za ka gwada. Akwai ɗan maɓalli a gaban kyamarar, gefen gilashi. Tura shi wajen gilashin, layin 28 zai fito. Ja shi waje, na 35 zai fito. Ka yi haka da tabarau a idonka, ka dawo ka ba mu labari.

Ni dai 35 nake riƙe da shi tun ina da Leica M2. Ita wannan tagar ta 0.72 don 35 aka yi ta tun 1957, sai a kan M4-P aka zo aka cusa mata layin 28. Su kansu masu kamfanin sun san da matsalar, shi ya sa daga baya suka fitar da M6 TTL mai taga 0.58. Na ɗauki hawan Daushe da 35, na ɗauki kasuwar Kurmi da shi, na je Alkahira da shi, ban taɓa jin ya hana ni hoto ba. In wuri ya matse sai in ja baya, in babu wurin ja da baya sai in ɗauki ƙofar in bar ginin.

Hajiyar Damagaram:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan ɗan saɓa muku. "Ja baya" magana ce ta fili. A tsohon garin Agadas, in ka tsaya a lungun da ke kusa da babban masallaci, bayanka bango ne, gabanka hasumiya mai tsawon mita 27. Da 35 sai dai ka zaɓi sama ko ƙasa. Da 28, in ka tsayar da kyamarar a tsaye, kana samun hasumiyar da mutumin da ke wucewa a gindinta, kuma mutumin nan shi ne hoton.

Ni Leica M10 ta dijital nake amfani da ita, da gilashin Elmarit 28mm f/2.8, wanda ya fito a 2006 (lambar f ta faɗin ƙofar haske ce: ƙaramar lamba, haske da yawa). Nauyinsa wajen giram 180 ne, kuma gajere ne, ba ya tare kusurwar taga sosai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don akwai gilasan 28 da in ka ɗora musu rumfar kare haske sai su cinye kusurwar dama ta ƙasa gaba ɗaya, kana ɗaukar abin da ba ka gani. Ni ba na sa tabarau, gaskiya, amma ko ni na daina neman layukan. Duk abin da tagar ta nuna min, na san kusan shi ne hoton.

Abu biyu zan ƙara. Na farko ƙura. Wanda ya yi yawo lokacin hunturu ya san cire gilashi a waje neman magana ne, musamman ga mu masu dijital da ƙurar ke kwantawa a kan sensa, wato abin da ke ɗaukar hoton a maimakon fim. Gilashin da za ka fita da shi da safe shi za ka dawo da shi da yamma, saboda haka ka zaɓi wanda zai iya mutum, ya iya gini, ya iya kasuwa. Na biyu, 28 ba ya ɗaukar mutum daga nesa. Sai ka matso har inda zai ji numfashinka, ke nan dole ka yi sallama, ka gaisa, ka nemi izini. A Maroko da yawa ba sa son a ɗauke su, mata musamman, wasu kuma sai ka ba da wani abu. In kai mai jin nauyin mutane ne, 28 zai cika maka fim da bayan mutane da fili babu kowa.

Injiniya:
Bari in sa lissafi a ciki don a san abin da ake jayayya a kai. In aka auna daga hagu zuwa dama, 50mm yana ganin wajen digiri 40, 35 yana ganin 54, 28 yana ganin 65, 21 kuma 81. Tsakanin 35 da 28 digiri 11 ne kawai a takarda, amma a hannu ya fi haka, domin abin da ke kusa yana girma, na nesa yana ƙanƙancewa.

Babbar ribar gilashi mai faɗi a tafiya ita ce ba sai ka tsaya saita nisa ba. Ka sa 28 a f/8, ka ajiye nisan a mita 3 da ɗan kai, komai daga wajen mita ɗaya da rabi har iya ganinka zai fito tar. 21 a f/8, ka ajiye shi kusa da mita 2, daga ƙasa da mita ɗaya har ƙarshen duniya. 35 kuwa sai ka kai shi mita 5, kuma abin da bai kai mita biyu da rabi ba zai yi dishi-dishi. A cunkoson kasuwa wannan bambancin shi ne tsakanin samu da rashi.

Sai hattara da tsofaffin gilasai masu dogon gindi, irin Super-Angulon 21mm f/3.4. M6 tana auna haske ne daga wani farin ɗigo da ke jikin labulen shata, gindin gilashin sai ya shiga ciki ya tare ma'aunin, ta riƙa ba ka ƙarya. Jupiter-12 na Tarayyar Sobiyet, 35mm f/2.8, shi ma gindinsa a waje yake, ga araha amma ba kowace kyamara yake shiga ba. Kai da kake kan fim ka huta da matsala ɗaya: a dijital, gilasai irin C Biogon 21mm f/4.5 da Heliar 15mm na farko suna sa gefen hoto ya yi ja-ja, saboda haske na faɗa wa sensa a karkace. Fim bai damu da wannan ba.

Ɗan Zongon Kumasi:
Yaya Ɗan Fagge, ni na je Fas ɗin, kuma da 21 na je, Color-Skopar f/4 na Voigtländer. Ƙarami ne ƙwarai, aljihun riga yana ɗaukarsa. A cikin makarantar Attarin, wadda aka gina a ƙarni na 14, tsakar gidan ɗan mitsitsi ne, ado kuwa tun daga ƙasa har rufi: tayil, sai filasta, sai sassaƙen katako. Nan na gode wa Allah da 21, don babu wani gilashin da zai haɗa maka su a hoto guda. Haka a makarantar Bu Inaniya. Haka kuma a Istanbul, ƙarƙashin ƙubbar Aya Sofiya.

Amma da na fito lungu sai labari ya sauya. M6 ba ta da layin 21, sai ka ɗora wata tagar a gurbin filasha. Ka leƙa ta ƙasa ka saita nisa da haske, ka koma ta sama ka tsara hoto. Tagar saman tana maƙale wa a bakin jaka, kuma ba ta gyara bambancin da ke tsakanin inda take kallo da inda gilashin yake kallo, to abin da ke kusa yakan zame daga inda ka ajiye shi. Ka ɗan ɗaga kyamarar sama kaɗan, bangwaye su karkata kamar za su haɗe. Mutumin da ya faɗo gefen hoto kuwa kansa ya miƙe ya zama gwanda. Wani mai shago da na nuna wa nasa, dariya ya yi ya ce wannan ba shi ba ne.

A majemar Shuwara ta Fas, inda kowa ke son ɗauka, daga saman shagunan fata ake kallo, kuma a can 50 ɗinka ya fi 21 amfani nesa ba kusa ba, don da 21 majeman sai su koma ɗige-ɗige. Saboda haka kar ka bar 50 a gida. Ra'ayina: tunda kana da 50, 35 ya yi masa kusa da yawa, za ka wuni kana tunanin wanne za ka sa. 28 ne abokin tafiyar 50. 21 na mutum ne da ya san gine-gine ya je ɗauka. Wanda kuma ya ƙudurta zama da 21, ya nemi kyamarar Bessa R4M ko R4A ta Voigtländer, tagarta 0.52 ce, layukan 21, 25 da 28 duk suna ciki, ba sai an ɗora komai ba.

Baba Mai Hoto:
Ɗan Zongo ya yi gaskiya a kan 35 da 50. Ni in na ɗauki 35, shi kaɗai nake ɗauka. Hajiya kuma, na ji, ban taɓa zuwa Agadas ba, ba zan yi musu da wadda ta tsaya a lungun ba.

Maman Hanif:
Duk kun yi maganar rana, babu wanda ya taɓo dare. Dandalin Jami'ul Fana na Marakesh sai bayan magariba yake cika, hayaƙin masu gashi, fitilun rumfuna, masu kiɗa. Da fim mai ISO 400 da gilashi f/4, sai dai ka zauna ka ci abinci. Lungunan Fas ma wasu a rufe suke ta sama, da tsakar rana kamar almuru. Ni f/2.8 ne iyakata, gilashin da bai kai shi shigar da haske ba, ba na saye don tafiya. Sauƙin da ake samu shi ne wannan kyamara ba ta da madubin da ke bugawa a ciki, to da 28 ina iya riƙe kyamarar a hannu a saurin shata 1/15 na daƙiƙa in na jingina da bango, hoto ya fito.

Nokton 35mm f/1.4 na yi amfani da shi, ƙarami ne kuma yana ganin dare, sai dai layi madaidaici yana ɗan lanƙwashewa a gefe, a ƙofofi da tayil za ka lura. Ultron 28mm f/2 ma akwai shi. Biogon 28mm f/2.8 na Zeiss kaifi gare shi, amma ya fi Elmarit ɗin Hajiya tsawo. In an kawo maka M-Rokkor 28mm na Minolta CLE da araha, haska shi da tocila tukuna, an san shi da fararen ɗige-ɗige a gefen gilashin gaba.

Ba a tambaye ni ba, amma fim ɗinka: sababbin na'urorin binciken kaya na CT da ake sawa a filayen jirgi suna lalata fim ko sau ɗaya ya wuce, Kodak da kansu sun yi gargaɗi. Cire su daga kwali, zuba a farar leda, ka roƙi a duba da hannu. Kar ka sa su a jakar da za ta shiga ƙasan jirgi.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na yi gwajin da kuka ce. Da tabarau, layin 35 ina ganinsa duka in na matsa ido. Na 28 kuwa sama da ƙasa kawai nake gani, hagu da dama sai na karkata kai. Da na cire tabarau layukan sun fito, amma ɗan murabba'in tsakiya na saita nisa ya yi min hazo. Zuciyata na wajen 28 saboda maganar Hajiya da Ɗan Zongo. Akwai dabara?

Injiniya:
Akwai. Ana sayar da ɗan gilashin gyaran gani da ake murɗawa a bakin tagar, daga 0.5 har 3, na masu ganin kusa da na masu ganin nesa. Da shi sai ka cire tabarau lokacin ɗauka. Ka sani tagar M da kanta tana da -0.5, to ba lambar da ke takardar likitanka za ka saya kai tsaye ba, sai ka sa wannan a lissafi. In idonka na da matsalar da ke karkatar da gani, wannan ba zai gyara ta ba, sai dai tagar 28 ta ɗorawa, wadda ta fi faɗi ga mai tabarau. Wahalarsa ɗaya: cire tabarau da mayarwa a cikin cunkoso, sai ka sa musu igiya a wuya.

In na hannu za ka saya, ka ɗora shi a kan kyamararka kafin ka biya. Murɗa shi zuwa ƙarshen nisa, ka kalli eriya ko hasumiya mai nisa, hotuna biyun da ke tsakiyar taga su haɗe daidai. In mai zaren murɗawa ne irin na da, adaftarsa ta zama mai rubutun 28-90, in ba haka ba wani layin daban zai fito maka. Na kamfanonin Sin, irin 7Artisans, wasu da ɗan sukundireba suke zuwa don ka daidaita nisan da kanka, wannan kuwa a fim aiki ne, don sai ka wanke kafin ka ga sakamako.

Hajiyar Damagaram:
Kuma ka saye shi da wuri. Ka zagaya da shi Kurmi da Ƙofar Mata, ka ƙare rol ɗaya ko biyu, a wanke maka ka duba gefunan hotunan, nan ƙafar wani da rabin babur suke shigowa ba ka sani ba. Ka tafi da filta mai kare gilashin gaba da ɗan burushi. Elmarit 39mm yake ɗauka, Biogon 46mm, ka duba girman naka kafin ka yi oda.