Neman shawara: ba na gani, kuma ana so in bar Windows in koma Ubuntu

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawara musamman wajen 'yan uwana masu lalurar gani. Ni makaho ne, shekara bakwai ke nan da NVDA, manhajar da ke karanta min allo da murya, nake komai a laftof ɗina, da ita nake shirya darasin ɗalibaina nake rubuta musu jarrabawa. To tunda Microsoft suka daina kula da Windows 10 a watan Oktoban 2025 hankalina bai kwanta ba, na kai ta wajen mai gyara ya duba ya ce ba za ta ɗau Windows 11 ba don ba ta da wata 'yar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, wai ko in sai wata ko ya sa min Ubuntu, wani tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Kuɗin wata kam babu. Tsorona a yi mata fomatin in kunna in ji shiru, don wlh duk ranar da kwamfuta ta yi shiru a hannuna ji nake kamar ɗan jagora ya sake ni a tsakiyar titi. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Babban yaya daga Tarauni:
Wa alaikumussalam ƙanena. Ni ma ba na gani kuma na yi wannan ƙaurar, wani nau'in Ubuntu da ake kira Ubuntu MATE nake kai yanzu. Kar ka yarda kowa ya goge maka komai tukuna. Ka sa a ɗora maka Ubuntu a filashi, ana iya tayar da kwamfutar daga kan filashin ka yi ta gwaji Windows ɗinka na nan ba abin da ya taɓa ta. In ta gama tashi ka danna maɓallin Windows da Alt da S tare, za ka ji Orca ta fara magana, ita ce NVDA ɗin can. Amma fa wajen zaɓar filashin lokacin da kwamfuta ke tashi babu murya sam, dole ka ajiye mai ido kusa da kai, ni ɗiyata ce ta karanta min.

Gaskiya satin farko na sha wuya, hannu ya saba da wani abu kunne ya saba da wani, sai ka danna abin da ka saba dannawa shekara da shekaru ka ji ta faɗi wani abu daban, har raina ya ɓaci na rufe ta kwana biyu. Abin da ya riƙe ni shi ne Firefox, can kusan duk ɗaya ne, H ta kai ka kanun magana K ta kai ka mahaɗa kamar yadda ka saba. Kuma ka shiga saitin Orca ka zaɓi tsarin laftof don Caps Lock ya zama maɓallinta, ya fi sauƙin kamawa da laluben Insert.

Mai gyara a Farm Centre:
Malam in da hali ka nemi MacBook na hannu kawai, mai karanta allonta VoiceOver a ciki take zuwa, Command da F5 shi ke nan. Ko kuma ka ci gaba da Windows 10 ɗinka ai ba mutuwa ta yi ba, afdet ne na tsaro aka tsayar.

Malama daga Kurna:
Malam ka yi haƙuri, bawan Allah ya ce kuɗin wata babu, kuma Mac ɗin ma koyo ne sabo fil, in zai sha wahalar koyo gara ya sha ta a kan na'urar da take hannunsa. Ɗan'uwa tunda koyarwa kake abin da zan ja hankalinka a kai shi ne Word, babu shi a Ubuntu sai LibreOffice. Yana buɗe takardun Word amma ni dai da na gwada takarda mai jadawalin maki sai da na wahala kafin in gane layin da nake, kuma wani lokacin tsarin takardar na ɗan gocewa kai ba ka sani ba sai an je bugawa. Ka ɗauki ainihin takardun jarrabawarka ka gwada su a filashin nan, har da masu ƙ da ɗ da ɓ ka ji yadda muryar ke yi da su. Kuma kar ka soma a tsakiyar zango, ka bari a yi hutu.

Ɗan Gwale:
Allah Ya saka muku da alheri duka. Malama kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi, jadawalin maki kusan kullum ina cikinsa. Yaya dan Allah filashi mai giga nawa zai isa, ina da mai 8 amma takarduna na ciki.

Babban yaya daga Tarauni:
Mai 8 ya isa, amma ka fara kwashe takardun don ɗorawar za ta share duk abin da ke kai. Ka sa laftof ɗin a caji kafin ku fara saboda wuta. In ka danna ka ji shiru ka ƙara sauti tukuna kafin ka tsorata, ni haka ta yi min.