Wa ya kama muku hannu da kuka fara aikin gwamnati?

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya fara aiki a wata mairi, wato ofishin magajin gari, a nan Kamaru makon jiya. Ya dawo gida yana cewa duk abin da ya karanta a jami'ar Ngawundare bai ga ko ɗaya a kan teburinsa ba. Ku da kuka riga shi, wa ya koya muku aikin?

Maman Yusra, Marwa:
Wa alaikumus salam. Ka ce masa ya nemi wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, ba wanda ya fi kowa muƙami ba. Ni sashen takardun haihuwa aka kai ni, na tarar da wani dattijo, kowa Baba yake ce masa, ko takardar bak ta gama sakandare ba shi da ita. Ranar farko ya karɓe biro daga hannuna, ya ce sati biyu kallo kawai zan yi. Raina ya ɓaci. Shi ya koya min cewa kwana 90 doka ta ba iyaye su zo su sanar da haihuwa, wanda ya yi sake har lokaci ya ƙure sai ya bi ta kotu. Amma abin da ya fi nanata min shi ne suna. Uba zai ce Amadu, takardar asibiti ta ce Hamadou, katinsa kuma wani abu daban. Baba sai ya sa ni in karanta wa uban sunan da ƙarfi, in maimaita da Fulatanci, kafin alƙalami ya taɓa rajista. Harafi ɗaya ya kauce, yaron ba zai sani ba sai ranar da ake haɗa dosiyensa, wato takardunsa, na jarrabawar CEP ta gama firamare.

Malamin ƙauye:
Ina cikin mutum 25,000 da gwamnati ta ɗauka aiki a 2011. Aka tura ni wani ƙauye bayan Gidar, aji cike har bakin ƙofa, ga albashi bai fara fita ba. Malamin da iyayen yara ke biya, wanda ba ya cikin lissafin gwamnati ma, shi ya nuna min yadda ake raba yara rukuni-rukuni, manya su riƙe ƙanana. Tuwon gidansa na ci har lambar aikina ta fito daga Yawunde.

Hajiyar Kusiri:
Ku kun dace. Ni shef ɗina, wato shugaban ofishinmu, ko yadda ake rubuta wasiƙar aika dosiye bai yarda ya nuna min ba, sai dai in rubuta ya ja jan biro ya dawo min da ita, ba bayani. In an kira taron horaswa shi ke tafiya saboda kuɗin zama, ya dawo ya kulle takardun a durowa. Sakatariyar ofishin da ke kusa da namu ce ta riƙa ba ni tsofaffin wasiƙu ina kwafa a ɓoye. Kwamfuta kuwa, wani yaro ɗan koyon aiki ne malamina.

Tsohon sakatare:
Hajiya, ba kare shi nake ba, amma wasu tsoro ne, gani suke in sun koya miki kujerarsu ta tafi. Ni abin da ke damuna daban ne. Tun dokar 2020, ma'aikatan gwamnati masu ajin A da B a shekara 60 suke ritaya, na C da D a 55, kuma su waɗannan na ƙasan su ne suka san inda kowace takarda take kwance. Ranar da aka yi min walima ba wanda ya tambaye ni komai. Har yau ana kira na a waya a ce, Baba, ina rajistar shekara kaza?

Maman Yusra, Marwa:
Namu Baban ma ya tafi bara. Yanzu akwai wata yarinya sabuwa a gefena, jiya na karɓe mata biro. Irin kallon da ta yi min, na san shi.