Gida biyu maganin gobara: shin fasfo ma gida ne?

Abban Sadiya, Kano:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata karin magana na kawo ku warware mini, don jiya ta hana mu cin tuwon dare lafiya ni da ƙanena. Likita ne, shekararsa shida ke nan a Ingila. Ya zo hutu yake gaya mini ya fara cike takardun zama ɗan ƙasa a can, shi da iyalinsa. Na ce to mu fa? Sai ya ce, "Yaya, gida biyu maganin gobara. Dubi Mali, dubi Burkina, dubi Nijar, dubi Sudan. Wa ya san gobe?" Ni kuma na ce masa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Hajiyarmu na gefe tana jan carbi, ba ta ce uffan ba. To wai maganar nan ta hau kan fasfo kuwa? Ni dai tun tasowata ban cika jin ta ba sai a bakin mai neman hujjar ƙarin aure.

Malam Na-Zariya:
Wa alaikumus salam. Masu ƙarin aure aro suka yi, ba tasu ba ce. A fahimtata maganar ta zamanin ɗakin ciyawa da dangar kara ce. In hunturu ya kankama iska na kaɗawa, tartsatsi ɗaya daga murhu ya isa ya lashe unguwa har da rumbuna. Mai wani gida a ƙauye ko a gona shi ke da makwanci a daren nan, da hatsin da zai kai shi kaka. Amma ku lura, magani aka ce, ba a ce riga-kafi ba. Gida na biyu ba ya hana na farko cin wuta, raɗaɗin asarar kawai yake ragewa. Shi ya sa ake yi wa ma'aikacin da ke noma, ko ɗan kasuwa mai rumfa a Kwari da wata a Sabon Gari. Ƙaninka bai yi kuskuren ɗauko ta ba. Abin dubawa shi ne ko abin da yake nema ya kai a kira shi gida.

Hajiya Ta-Maraɗi:
Malam, akwai sharaɗin da ka tsallake: kada danga ɗaya ta haɗa gidajen. Ni mahaifina ɗan Maraɗi ne, mahaifiyata 'yar Jibiya, takardun ƙasashen biyu duk ina da su, tunda Nijar ta halatta hakan a 2014. Ina ta taƙama da gida biyu. Da sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke mana wuta, sai ga shi gobara ɗaya ta ci mini duka biyun. Atamfofina na Kano, masu saye na Maraɗi, ni ina tsakiya. Sai a Maris na 2024 aka buɗe. Tsohuwata ta yi jinya a lokacin, ta hanyar daji a bayan babur na je duba ta, da takardu biyu a jaka ba wadda ta yi mini rana. Don haka likita ya fi ni dabara, nasa na biyun ya yi nisa da na farko.

Ɗalibin Khartum:
Ku ba ni dama, don ni na ga ranar da maganar nan ta tashi daga baki ta zama gaske. Asabar 15 ga Afrilun 2023, muna cikin goman ƙarshe na azumi, muka farka da ƙarar bindigogi a Khartum, tsakanin sojojin Sudan na Janar Burhan da dakarun abokin hamayyarsa Hamidati. Kafin mako biyu kowace ƙasa ta zo tana tsince nata. Ingila na kwasa daga filin jirgin Wadi Sayyidna a arewacin Umdurman, jiragen ruwan Saudiyya na ɗauka daga Bur Sudan zuwa Jidda. Mu 'yan Najeriya motoci aka kawo mana, muka yi kwanaki a iyakar Masar muna kwana a ƙasa, sannan aka kwaso mu daga Aswan zuwa Abuja. Mun sha wuya, amma an kira sunanmu.

Wanda ba na mantawa shi ne wani dattijo mai shayi a bakin layinmu. Hausarsa ta fi tawa tsafta, har karin maganar da na manta yake tuna mini. Kakanninsa sun fito aikin hajji a ƙafa suka zauna a hanya. Ranar da za mu tafi ya rako mu har bakin mota, ya riƙe mini jaka, ya cusa mini dabino a aljihu. Mai rubuta suna ya ce masa, "Baba, ina fasfonka?" Ya yi murmushi ya ce shi kakansa Bakatsine ne. Aka ce ba a shiga da kaka. A ranar, Abban Sadiya, takarda ita ce gida. Ba harshe ba, ba asali ba.

Abban Sadiya, Kano:
Innalillahi. To amma shi ai Sudan ce gidansa.

Ɗalibin Khartum:
Haka ya kamata a ce. Tun bayan yaƙin Burmi a 1903, da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'a, har yau akwai gari mai sunansa a bakin Nilu kusa da Sinnar. Duk da haka a Yulin 2022 da rikici ya ɓarke a yankin Damazin kan ƙasa da sarauta, abin da aka riƙa jifan Hausawa da shi shi ne baƙi ne. Shekara fiye da ɗari. Nan a ce maka baƙo, can a ce ina takardarka.

Baba Ɗan Zongo, Kumasi:
Ɗana, na ji ka, amma kada ka mayar da takarda komai. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya fice daga Ghana. Ina yaro lokacin. Na ga manyan 'yan goro na zongo suna sayar da gida kuɗin akuya, ana loda su a motocin katako. Kawuna yana cikinsu. Kullum cewa yake yana da gida a ƙasar Kano, ai gida biyu maganin gobara. Ya isa ya tarar an raba gonar tuni, waɗanda suka san shi sun mutu, yaran gidan na kiransa "Baƙon Gwanja". Ba wanda ya tambaye shi takarda, ƙofa ce kawai ba ta buɗe ba. Shekara talatin bai aika ko ƙwaryar goro ba, me yake tsammani? Amma abokinsa da ke zuwa duk bayan shekara biyu, yana aurar da 'ya'ya can, shi ɗaki aka share masa. Zumunci a ƙafa yake. To maganarka da ta ƙaninka ba sa faɗa da juna, Abban Sadiya, taka ce ke tsaron tasa.

A 1983 kuma Shagari ya rama, aka koro 'yan Ghana wajen miliyan guda. Jakar nan da kuke zuba kaya, "Ghana Must Go", har yau sunan ranar take ɗauke da shi.

Lauyan Unguwa:
Baba ya gama magana, ni gefen doka zan taɓa, don akwai wata karin maganar da ba a kawo ba: taura biyu ba ta taunuwa. A Najeriya sashe na 28 na tsarin mulkin 1999 ya bar wa ɗan ƙasa na haihuwa damar riƙe wata ƙasar, don haka likita ba abin da zai rasa. Kamaru kuwa dokarta ba ta yarda ba, ka ɗauki wata ka saki tata. A Ghana an yarda, amma kotun ƙoli ta tsige ɗan majalisa James Gyakye Quayson a 2023 saboda takardar Kanada da bai gama ajiyewa ba lokacin da ya shiga takara, sai da ya sake cin zaɓe.

Sannan gida biyu kan zama sandar dukanka. A 1980 an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Borno, aka tsallakar da shi Chadi wai ba ɗan Najeriya ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. Ita Ingilar ma, mai ƙasa biyu ya fi sauƙin a ƙwace masa tata, tunda ba za a ce an bar shi ba ƙasa ba. Masu sayen fasfon tsibiran Karibiyan da dala dubu ɗaruruwa kuma, su tambayi waɗanda suka sayi na Dominika: a Yulin 2023 Ingila ta wayi gari ta ce sai da biza. Gidan da ba ka taɓa kwana a ciki ba, wani ke riƙe da makullinsa.

Ɗan Adaidaita:
Ku yi haƙuri manya, ni dariya ma kuke ba ni. Ana maganar gida biyu, mu ɗayan ma haya muke. Fasfon Najeriya kansa tun Satumban 2025 naira 100,000 ne ƙarami, mafi ƙarancin albashi kuwa 70,000. In wuta ta tashi mu guga za mu ɗauka, don ba inda za mu. Abin da ke ci mini rai, masu wasa da ashana a ƙasar nan yawancinsu su ne masu gida a Dubai da Landan. Wanda ya san yana da wurin kwana ba ya tsoron tartsatsi.

Malam Na-Zariya:
Ɗan Adaidaita, ka taɓo inda nake ta kewaye. A da, mai gida biyu shi ke kwashe maƙwabta a daren gobara, mata da yara su kwana a zaurensa, da safe a haɗu a yi gayyar yankan ciyawa. Da wannan aka san shi, shi ya sa ba a jin haushinsa. Fasfo kuwa mutum ɗaya yake ɗauka da matarsa da 'ya'yansa ƙanana. Ko uwar da ta haife shi sai ta nemi biza. A nan ne kaɗai nake ganin kwatancin likita ya yi ɗingishi. Ban ce kada ya karɓa ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ka tambaye shi, in abin da yake tsoro ya faru, Hajiya a wane gidan za ta kwana?

Abban Sadiya, Kano:
Malam, na karanta masa tambayarka yanzu a gaban Hajiya. Ya yi shiru. Ita ce ta amsa, ta ce ita ko wuta ta kai bakin gadonta ba ta barin Kano, kabarin mijinta na nan. Ta ce ya karɓi takardarsa, amma duk dogon hutu a kawo mata jikokinta, don ƙaramar jiya ta gaishe ta da Turanci. Ya ce kuɗin jirgin mutum biyar ba wasa ba ne. Ta ce a rage na fasfon. Har yanzu suna ciki, ni na fito.

Hajiya Ta-Maraɗi:
Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ɗalibi, shi dattijon nan mai shayi, ka sake jin ɗuriyarsa?

Ɗalibin Khartum:
Sau ɗaya, Hajiya, wajen wata uku bayan dawowarmu. Ya ce sun koma wurin dangi a Sinja, yana tambayata ko na ƙarasa karatun. A Yunin 2024 dakarun Hamidati suka shiga Sinja. Ina da lambarsa har yanzu, nakan gwada ranar Juma'a. Ba ta shiga.