Zaɓen ciyaman da kansila: zaɓe ne ko naɗi?

Kawu na Ƙofar Doka: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan isha'i samarin layinmu a nan Zariya suka tare ni a bakin masallaci, wai in sa musu albarka za su fara haɗa kan matasa saboda zaɓen kansila na gaba. Na ce su je su kama sana'a. Ina maimaitawa a nan kowa ya ji: zaɓen ƙaramar hukuma naɗi ne aka yafa masa rigar zaɓe. Ku duba wanda aka yi ranar 19 ga Oktoba, 2024. Ƙananan hukumomi 23 ne a jihar Kaduna, kujerun kansila 255, APC ta haɗa ta kwashe, ko ɗaya ba ta zube ba. A gida ɗaya ma ba a samun irin wannan haɗin baki wajen zaɓen miyar dare. Wanda ya ce in sake tsayuwa a rana don wannan, ya fara kawo mini hujja.

Malamin Tudun Wada: Wa'alaikumus salam Kawu. Lissafinka daidai ne, amma kada a ɗora wa jam'iyya ɗaya. Mako guda bayan namu aka yi na Kano, NNPP ta ɗauke 44 ɗin duka. Wanda ke gidan gwamnati shi ke naɗa hukumar zaɓen jiha, shi ke ba ta kuɗin aiki. An ba kura ajiyar nama, sannan ana mamakin tukunya ta wayi gari babu komai.

Kawu na Ƙofar Doka: To Malam, ai ka taya ni ne.

Malamin Tudun Wada: Rabi na taya ka. Bari 'yan baya su yi magana.

'Yar Gyallesu: Kawu, Allah ya ƙara girma, ni dai ban yarda ba. A jihar nan fa aka fara zaɓe da na'ura a duk Najeriya, a watan Mayun 2018, aka sake a Satumban 2021. Na yi na 2021 da hannuna. Ka taɓa alamar jam'iyyar da kake so a fuskar na'urar, shi ke nan, ko minti ɗaya ban yi ba. A zaɓukan nan biyu 'yan adawa sun ci wasu ƙananan hukumomi, kuma a 2021 jam'iyyar gwamnan lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ta faɗi a akwatin da ya jefa ƙuri'arsa. In naɗi ne tun fil'azal, wa ya naɗa wa gwamna faɗuwa a ƙofar gidansa? Abin da aka taɓa gani da ido ba a ce ba zai yiwu ba.

Kawu na Ƙofar Doka: 'Yata, ina na'urar take yanzu? A 2024 takarda aka koma. Abin da gwamna ɗaya zai kawo wani ya ɗauke, aron riga ne. Kuma ita ma na'urar an yi ta ƙorafin ana dangwala mata fiye da sau ɗaya.

Tsohon Ejan: Ku ba ni wuri, don ni na ci wannan tuwon har na gaji. Shekaru na yi ina wakiltar jam'iyya a akwati, ba zan faɗi wacce ba, don duk kanwar ja ce. Kawu da 'yar'uwata, ranar zaɓe kuke ta jayayya a kai, alhali kafin ranar an gama rabo. A falo ake yin kansila. Na zauna a irin wannan falon: mutum bai fi goma sha biyu ba, shugaban jam'iyya na mazaɓa, sakatare, shugabar mata, shugaban matasa, sai dattawa biyu-uku da mai gidan da ke riƙe da kowa. Aka zuba lemo, aka ce za a yi maslaha. Masu nema huɗu ne a tsakar gida suna jira kamar masu neman aure. Aka kira su ɗaya bayan ɗaya, uku aka ce su yi haƙuri akwai gaba, na huɗun aka ce Allah ya taya riƙo. A cikin waɗanda aka ba haƙuri akwai yaron da ya tara kuɗi da abokansa suka gyara burtsatsen unguwa sau biyu. Wanda aka ba kuwa, direban mai gidan ne a da. Abin da ya tsaya mini a rai har yau: babu wanda ya hana kowa shiga jam'iyya ya yi rajista a mazaɓarsa. Malaman jami'a na Samaru, ma'aikatan asibiti, manyan 'yan kasuwa, duk suna ganin taron mazaɓa ƙasƙanci ne, zaman 'yan jagaliya ne. Suka bar kujerun ga wanda ya zo. Sai ranar zaɓe a fito ana ihu bayan hari.

'Yar Gyallesu: Yaya, mata fa? Mu sai an tashi rabon atamfa da taliya ake tuna lambarmu.

Tsohon Ejan: Gaskiya ne ƙanwata. Amma shugabar matan da ke falon nan ta fi mutum ɗari biyar na layi tasiri. Kujerarta ya kamata ku nema.

Ɗalibin Kongo: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki ta fuskar doka. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce dole ƙananan hukumomi su kasance a hannun zaɓaɓɓu. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, a daina bi ta hannun gwamnoni, ta kuma ce naɗa kantomomi haramun ne. Shi ya sa jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe a ƙarshen shekarar. Ni a ganina maganin ɗaya ne, a karɓe zaɓen daga hukumomin jiha a ba INEC, kamar yadda take yi wa ƙananan hukumomi shida na Abuja.

Malamin Tudun Wada: Ɗana, karatu ya yi kyau. Sai dai gyaran kundi yana bukatar kashi biyu cikin uku na majalisar tarayya, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. Majalisun nan kuwa ka san wa suke saurare. Ka ce wa mai riƙe da wuƙa ya miƙo maka ƙotar da kansa ke nan.

Ɗalibin Kongo: Ai Kakakin Majalisar Wakilai ɗan Zariya ne, Malam. In akwai garin da ya kamata a ji muryarsa a kan wannan gyara, namu ne.

Kawu na Ƙofar Doka: Yauwa, ku rubuta masa. Ni na tsufa da jiran Abuja.

Hajiya mai abinci, Sabon Gari: Ni ban yi boko mai nisa ba, amma ga abin da na sani. Damunar bara kwalbatin bakin rumfata ta toshe. Ruwa ya shigo ya ɗauke mini murhu biyu, buhun gawayi ya jiƙe, kwana uku ban ɗora tukunya ba. Ban san ƙofar gidan gwamna ba, ban san ta sanata ba. Gidan kansila kuwa na sani, matarsa ma a wajena take sayen waina. Muka haɗu mu bakwai muka je da sassafe, muka zauna a zaurensa. Ya aiko yaro wai ya fita, ga takalminsa a bakin ƙofa. Muka ce za mu jira. Da rana ta take ya fito yana ba da haƙuri, ya ce shi ma babu komai a hannunsa sai alawus. Bayan sati biyu dai aka turo leburori da shebur da baro suka yashe. Ba a sake gina kwalbatin ba, amma ruwa ya wuce. Kullum mai rasit yana zuwa karɓar kuɗin rumfa, to me zai hana ni bin sawun kuɗina? Kawu, in ka hana yaran nan shiga, gobe zauren wa za mu je mu zauna?

Malamin Tudun Wada: Hajiya ta kai ni inda nake so. Kasuwa, tasha, kwashe bola, maƙabarta, rajistar haihuwa, sa wa tituna suna, hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci, duk kundin ya lissafa su a aikin ƙaramar hukuma. Zariya mazaɓu 13 ne, daga Kwarbai da Kaura har Dambo da Dutsen Abba, Sabon Gari 11. Mutum 24 ke nan da za ka iya taka wa da ƙafa. Su ne kuma majalisar da ya kamata ta duba kasafin kuɗin ciyaman. A zauren nan wa ya taɓa ganin kasafin da idonsa? Ni ban taɓa ba, shekarata 26 ina koyarwa, kuma laifina ne don ban taɓa zuwa sakatariya na tambaya ba.

Kawu na Ƙofar Doka: Hajiya, na ji, kuma Allah ya mayar da alheri. Amma lura: zamanku a zaure ne ya yashe kwalbatin, ƙuri'arku ba ta yashe komai ba. Ina nan a kan bakana game da ranar zaɓe. Su yaran, in taron mazaɓar da Ejan ke faɗa za su je, su je, ba zan hana ba. Katin jam'iyya dai ba zan yanka ba.

Tsohon Ejan: Kawu, ka turo mini su ranar Asabar bayan la'asar. Kowa ya zo da katin zaɓensa, kuma su ci abinci daga gida, don ni babu lemo.

'Yar Gyallesu: Yaya, a sa kujeru uku na mata. Hajiya, za ki zo?

Hajiya mai abinci, Sabon Gari: Asabar ranar ciniki ce. In an mayar Lahadi, da ni.