Taƙaitawa: lasisin jiragen ruwa da kuɗin gyaran hanyar ruwa

Ga abin da na tsinta a muhawarar da aka yi kan kuɗin lasisin da masu jiragen ruwa ke biya don gyaran hanyar ruwa, da yadda za a yi da masu ƙin biya:

1. Kusan kowa ya yarda mai jirgi ya biya lasisi. Yasar laka, sare ciyayi, gyaran ƙofofin ruwa, duk kuɗi suke ci.
2. Kan masu ƙin biya aka rabu. Wasu sun ce a matsa musu, don in aka ƙyale ɗaya, gobe maƙwabcinsa ma ya noƙe. Wasu kuwa sun ce albashin masu sintiri, kuɗin lauya da na ciro jirgi daga ruwa kan zarce bashin da ake bi. Ni dai hujjar nan ta fi kama ni.
3. Wanda jirgin ne gidansa, a bar shi ya biya kaɗan-kaɗan kafin maganar ƙwacewa.
4. A riƙa bayyana inda kuɗin ke shiga.