Intabiyu a ofisoshin lauyoyi: me aka tambaye ku, me kuka amsa?

Sabuwar lauya, Kaduna:
Assalamu alaikum yayyena a sana'a. Na gama bautar ƙasa, kuma wani babban ofishin lauyoyi a Abuja ya kira ni intabiyu mako mai zuwa. Kowa sai ce min yake irin waɗannan wurare ba sa ɗaukar ɗan Arewa, balle mace mai hijabi, sai mai uwa a gindin murhu. Don Allah wanda ya taɓa zama gabansu ya faɗa min abin da ya gani da idonsa.

Barista mazaunin Legas:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Akwai son kai, ba zan ɓoye miki ba, amma ba ya fitowa fili. A tambayoyin gefe yake ɓuya. Ni a wani ofis a Ikoyi, hira na tafiya lafiya har aka zo kan jami'a. Ina cewa Bayero, sai mutumin ya ajiye biro ya ce, "A can kuna karanta dokar kamfanoni kuwa, ko Shari'a ce kawai?" Raina ya sosu, amma na danne. Na ce digirinmu ya haɗa dokokin zamani da na Musulunci, kuma jarrabawar zama lauya ɗaya ce, ko a makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda ka zauna ko ta Bwari ko ta Legas.

Daga nan na juya maganar zuwa inda nake da ƙarfi. Na ce gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na farko a 2017, na naira biliyan 100, don gina tituna. Bankin Jaiz, mai bin tsarin Musulunci, yana aiki tun 2012, wasu sun biyo bayansa. Duk wannan harka tana buƙatar lauyan da ya san ijara (haya) da murabaha (sayarwa da ribar da aka bayyana) daga tushe. Sai ga shi su ne ke yi min tambaya don su ƙaru. Abin da suka ɗauka rauni ne, shi ya sama min kujerar da nake kai yau.

Maman biyu, Abuja:
Barista, kai namiji ne, shi ya sa ta zo maka da sauƙi. Ni ba a ko taɓo shari'a ba sai da aka gama binciken gidana. Kina da aure? Yara nawa? Maigidan zai yarda ki kai dare a ofis? Kina shirin ƙara haihuwa? Abokin karatuna da muka shiga rana ɗaya, shi ma magidanci, babu wanda ya tambaye shi wa ke kai yaransa makaranta. Shi aka ɗauka, alhali na fi shi sakamako. Har yau abin na ci min rai.

Ƙanwata, idan suka ɗauko wannan, kada ki shiga ba da labarin gida, kada kuma ki nuna fushi. Ki ce, "Na tsara al'amurana yadda ba za su taɓa aiki ba," ki ɗora da misalin wani aiki da kika kammala a ƙurarren lokaci. Hijabi kuwa ki sa abinki, baƙi ko fari, a goge tsaf. Firdaus Amasa ta ƙi cire nata a Disamban 2017 aka hana ta shiga zauren rantsar da lauyoyi, a Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. Wurin da sai kin cire za su ɗauke ki, ba za ki ji daɗin zama cikinsa ba.

Dattijo mai ofis a Kano:
'Ya'yana, kada mu ɗora wa Kudu laifin duka. A nan gida ma takarda mai ɗauke da "yaron Alhaji wane ne" ita ake fara dubawa, ɗan talaka mai ƙoƙari yana ƙasa. Ni kaina ana kawo min irin wannan alfarmar. Abin da na mayar ƙa'ida shi ne kowa ya zauna ya rubuta. Ina ba shi gajeren labarin rikici, ya rubuto min takardar roƙon kotu da takardar rantsuwar da za ta raka ta. A nan da yawa ke faɗuwa, har masu sakamako mai kyau. Sai in tambayi abu ɗaya da dokar kamfanoni ta 2020 ta canza. Wanda ya ce min yanzu mutum ɗaya na iya yi wa kamfaninsa rajista shi kaɗai, na san yana bibiyar karatu. 'Yata, ki tafi da wani rubutu da kika yi lokacin bautar ƙasa, ki goge sunayen masu ƙara.

Lauyan ƙwadago, Zariya:
Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara irinku. Ƙarin bayani: sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko jinsi ko addini, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraron ƙorafin wariya a wurin aiki. Matsalar ita ce hujja, domin babu mai rubuta miki dalilin ƙin ɗaukar ki. Don haka kina fitowa ki rubuta tambayoyin da aka yi miki da kwanan wata. In kuma sun ce sun ɗauke ki, ki nemi albashin a rubuce kafin ki fara. Na san waɗanda suka shafe watanni ana ce musu "kuɗin mota" kawai, da sunan ana koya musu aiki.